Yadda Ake Zaɓa da Haɗa Ilektirod na Kabon Don Naɗar Motsin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya yi niyyar dasa na'ura a cikin ƙwaƙwalwa domin ya naɗi motsin lantarkin ƙwayoyin jijiya, to ya fara da sanin irin naman da zai yi aiki a cikinsa. Ƙwaƙwalwa ba ta fi ɗanyen awara tauri ba, domin idan aka auna taurinta ana samun kusan kilofaskal 1 zuwa 'yan kaɗan, alhali silikon da ake yin alluran da aka saba dasawa a ƙwaƙwalwa da shi, kamar waɗanda ake kira na Utah, ya haura gigafaskal 150, wato ya fi ta tauri da kusan sau miliyan 100. Ga shi kuma ba a tsaye take cak ba, tana motsi kaɗan-kaɗan da kowane bugun zuciya da kowane numfashi, don haka allura mai tauri da aka ɗaure a ƙoƙon kai kullum cikin gogar naman da ke kewaye da ita take. Jiki yana mayar da martani ta hanyar tara ƙwayoyin kariya su yi wa allurar tabo, ƙwayoyin jijiyar da ke kusa kuma su mutu ko su ja da baya. Tun da ilektirod, wato bakin na'urar da ke ɗaukar motsin lantarkin, ba ya jin ƙwayar da ta yi masa nisan fiye da maikuromita 100 (kashi ɗaya cikin goma na milimita) ko makamancin haka, tabo kaɗan ya isa ya toshe masa kunne cikin 'yan watanni.

Wannan matsala ce ta sa masu bincike suka juya ga kabon, amma akwai kuskuren fahimta da ya kamata a gyara tun kafin a taɓa kowane kayan aiki. Zaren kabon ba abu ne mai laushi ba. Irin wanda aka fi amfani da shi yana da taurin kusan gigafaskal 230, ya ma fi silikon. Abin da ke sa shi lanƙwasa ba tare da ya karye ba shi ne sirantakarsa, domin kaurinsa maikuromita 5 zuwa 7 ne kawai, kusan kashi ɗaya cikin goma na gashin kan mutum. Ƙa'idar ita ce, idan aka rage kaurin zare da rabi, sauƙin lanƙwasuwarsa yana ninkuwa sau 16, idan kuma aka rage shi sau 10 yana ninkuwa sau 10,000. Saboda haka duk shawarar da za ka yanke a gaba, kada ka bari ta ƙara wa abin da zai shiga naman kauri, in ba haka ba ka zubar da babbar ribar kabon tun a teburin aiki.

Matakin farko: bari tambayarka ta zaɓa maka kayan

Kabon iri-iri ne, kuma kowane iri akwai aikin da ya fi dacewa da shi. Idan burinka ka ji ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya a cikin naman, zaren kabon ne mafi sauƙi kuma mafi araha. Ba sabon abu ba ne, tun 1979 ake amfani da shi a Birtaniya da Faransa. A 2012 Takashi Kozai da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka nuna cewa zare mai kaurin maikuromita 7, da aka lulluɓe da rufin da bai kai maikuromita 1 ba, yana naɗar ƙwaya guda kuma yana barin tabon da bai kai na silikon ba. Haka kuma idan kana son ka auna sinadarin dofamin, wanda ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, zaren kabon ne uban tafiya, domin a kansa Mark Wightman da ɗalibansa suka inganta dabarar nan ta saurin hawa da saukar da ƙarfin lantarki, inda ake tashi daga -0.4 zuwa +1.3 na bolt a dawo, da gudun bolt 400 a daƙiƙa, sau 10 a kowace daƙiƙa, dofamin kuma ya bayyana kansa a wajen bolt 0.6.

Idan kuwa a saman ƙwaƙwalwa za ka shimfiɗa na'urar, kuma kana bukatar ka haska naman ko ka ɗauki hotonsa ta cikinta, sai ka duba girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin atom guda, wadda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Manchesta a 2004. Girafin kashi 2.3 cikin 100 na haske kawai yake shanyewa, shi ya sa a 2014 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ɗaya a Jami'ar Fensilbeniya ɗaya a Jami'ar Wiskonsin, suka fitar da ilektirod da ake iya gani ta cikinsa kamar gilashi. Sai dai shimfiɗa guda ba ta ɗaukar caji da yawa, don haka turjiyarta, wato yadda take tare wa lantarki hanya, tana da yawa kuma ba ta da amfani sosai wajen zaburar da jijiya. Masu binciken Basalona ƙarƙashin Jose Garrido sun bi ta hanyoyi biyu domin su kewaye wannan. Sun yi taransisto na girafin da ke iya naɗar motsi mai nawa ƙwarai, ƙasa da haz 0.1 (bai kai sau ɗaya a daƙiƙa 10 ba), wanda ilektirod na ƙarfe ke wahalar kamawa, sannan sun yi wata shimfiɗa mai ƙofofi ƙanana daga girafin da aka sarrafa. A Satumba 2024 aka ɗora na'urar girafin ta kamfanin INBRAIN a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam karo na farko, a asibitin Salford Royal da ke Ingila, lokacin tiyatar cire ƙari.

Akwai kuma zaren da ake murzawa daga ƙananan bututun kabon, irin wanda ɗakin binciken Matteo Pasquali a Jami'ar Rice ya ƙware a kai. Shi wannan yana da laushi na gaske kamar zaren ɗinki, yana ɗaukar cajin da ya haura milikulom 6 a kowace murabba'in santimita, alhali fulatinam tsura bai wuce 0.15 ba, kuma ba ya ɓata hoton MRI kamar yadda ƙarfe ke yi. Na huɗu shi ne kabon mai kama da gilashi, wanda ake samu idan aka zana siffar ilektirod da sinadarin SU-8 aka gasa shi a zafin kusan digiri 1,000 cikin iskar naitirojin, sannan a mayar da shi kan shimfiɗar robar foliyimayid mai lanƙwasa, kamar yadda ƙungiyar Sam Kassegne ke yi a San Diego. Yana jure lalacewa sosai idan ana yawan zaburarwa, amma a karan kansa mai saurin tsagewa ne.

A ganina, wanda ke farawa ya fara da zaren kabon, ko da girafin ne a ransa. Girafin mai kyau sai an noma shi a kan tagulla da iskar mitan a zafin kusan digiri 1,000, a ɗauke shi da rufin roba, a narkar da tagullar, sannan a yi fama da yagewa da ragowar datti, kuma duk wannan sai da ɗaki mai tsabta na musamman. Zaren kabon kuwa madubin ƙara girma da hantsaki da haƙuri yake bukata, kuma duk darasin da zai koya maka game da rufi da mahaɗa da gwaji zai yi maka amfani a kan sauran. Don haka a kansa sauran bayanin zai fi tsayawa.

Haɗa zaren

Zaren yana zuwa ne a dunƙule, dubbai a haɗe, kuma masana'anta suna shafa masa wani ɗanko domin ya kama jikin roba idan za a yi kayan jirgi ko na keke da shi. Wannan ɗanko dole a cire shi, ko dai ta hanyar jiƙa dunƙulen a asiton ko ta gasa shi a zafin kusan digiri 400. Bayan haka sai ka yanki guntu mai tsawon 'yan santimita, ka shimfiɗa shi a kan farar takarda a ƙarƙashin madubi, ka ware zare ɗaya. A nan ne mai koyo ke gane girman aikin. Zaren ba ya ganuwa sai haske ya faɗo masa ta gefe ya yi ɗan walƙiya, numfashinka kaɗai ya isa ya ɗauke shi, kuma idan iska ta bushe yakan yi tsalle ya manne a jikin hantsaki ya ƙi sauka. Ka rufe hanci da baki, ka kashe fanka, ka sa wa bakin hantsakin ɗan rufin roba domin ƙarfe tsura yana datse zaren. Ka kuma nisanta kwamfuta da sauran na'urori daga teburin, domin ɓurɓushin zaren yana ɗaukar lantarki, kuma idan ya faɗa cikin na'ura yana iya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba.

Kowane zare sai an ɗora shi a kan layinsa a jikin ƙaramin allon lantarki, wanda galibi ake yi da foliyimayid. Ana ɗiga ɗankon azurfa kaɗan a kan layin da bakin tsinken gilashi da aka ja ya yi siriri, a kwantar da zaren a ciki ya miƙe, a gasa shi daidai da zafin da masu ɗankon suka rubuta. Kafin ka ci gaba, ka auna tsakanin kowane layi da maƙwabcinsa domin ka tabbata azurfar ba ta malala ta haɗa su ba. Sannan ka rufe mahaɗar gaba ɗaya da ɗanko mai hana lantarki wucewa. Kada ka yi rowar ɗanko a wannan wuri, domin azurfa guba ce ga ƙwayoyin jiki, kuma idan ruwan jiki ya kai gare ta, na'urar za ta lalace ta kuma cutar da naman.

Daga nan sai rufin zaren kansa. Abin da aka saba shi ne farilin, wani rufin roba mai hana lantarki wucewa, wanda ake turara shi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ya sauka a kan komai a zafin ɗaki ya lulluɓe shi daidai wa daida ba tare da ƙofa ba. Kaurin nanomita 800 zuwa maikuromita 1 ya wadatar. Ka tuna ka rufe bakin mahaɗar waje da tef kafin ka sa allon a tukunya, domin farilin ba ya zaɓen inda zai sauka. Masu yawa suna ƙara sinadarin silen mai lamba A-174 domin rufin ya kama jiki sosai, kuma ina ganin bai kamata a tsallake shi ba, tun da ɓawon rufi na daga cikin abubuwan da suka fi kashe waɗannan na'urori.

Buɗe bakin zaren

Yanzu zaren a rufe yake daga sama har ƙasa, sai an buɗe masa inda zai ji. Hanya mafi sauƙi ita ce a datse shi da almakashin tiyata, amma abin da zai bayyana ɗan da'ira ne mai faɗin murabba'in maikuromita 38 kacal, kuma sau da yawa almakashin yana jan farilin ya rufe rabin bakin, shi ya sa zare biyu da aka yanka a jere kan ba da awo daban-daban, kuma turjiyarsu kan haura mega-om 1. Idan aka cire rufin tsawon maikuromita 50 daga baki, filin da ke taɓa naman zai kai kusan murabba'in maikuromita 1,100, wato ya ninka kusan sau 30. Ana yin haka da hasken leza, ko kuma da dabarar da ɗakin binciken Timothy Gardner a Boston ya bayyana a 2013 lokacin da suke naɗar ƙwaƙwalwar ƙananan tsuntsaye masu waƙa. Ana nutsa zarurrukan a ruwa a juye, a bar bakunansu kaɗai sun leƙo sama, sannan a gilma musu harshen wutar gas sau ɗaya. Wutar tana ƙone abin da ke saman ruwa, ruwan yana kare abin da ke ƙasa, sai bakin ya fito tsirara kuma da tsini kamar an fere shi. Wannan tsini zai yi maka rana a wajen dasawa.

Sai dai kada ka yi zaton yawan buɗewa shi ne alheri. Baki mai tsawo yana jin ƙwayoyi da yawa a lokaci guda har muryoyinsu su cakuɗe, girman kowace kuma ya ragu. Mafita ita ce a bar bakin gajere a ƙara masa ƙofofi ta hanyar shafa masa PEDOT, wata roba mai ɗaukar lantarki. Girkin da masu binciken Mishigan suka saba shi ne ruwan da ke ɗauke da mola 0.01 na EDOT, wato sinadarin da ake haɗa PEDOT da shi, da mola 0.1 na gishirin tosilet, a tura fikowamfiya 600 ga kowane zare na tsawon minti 10. Da wannan turjiyar takan sauko zuwa kusan kilo-om 100. Aibin PEDOT shi ne yana iya ɓarewa bayan watanni a jiki, kuma ba a sa shi a zaren da za a auna dofamin da shi, domin wannan aikin fuskar kabon tsura yake so.

Gwaji kafin a kusanci dabba

Gwajin farko shi ne auna turjiya a cikin ruwan gishiri na PBS, da ilektirod uku, wato naka, da na azurfa mai kulorayid a matsayin ma'auni, da faffaɗan fulatinam. Kowa yana faɗin adadin da ya samu a kilohaz 1, saboda harbin ƙwayar jijiya, wato ɗan bugun lantarkin da take fitarwa, kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa yake ɗauka. Dalilin damuwa da wannan adadi shi ne hayaniya. Turjiyar mega-om 1 a zafin jiki, a faɗin kilohaz 10, tana haifar da hayaniyar kusan maikurobolt 13, ta kilo-om 100 kuma kusan 4, alhali yawancin harbin da kake nema tsakanin maikurobolt 50 ne zuwa 'yan ɗaruruwa. Amma kada ka tsaya a kan adadi guda, ka auna tun daga haz 10 har zuwa kilohaz da dama ka kalli siffar layin. Akwai tarko a nan da ke kama masu koyo, domin idan turjiya ta faɗi warwas ba tare da ka yi wa bakin komai ba, ba nasara ba ce, alama ce ta cewa rufin ya tsage kuma lantarki yana yoyo ta gefe.

Gwaji na biyu shi ne hawa da saukar da ƙarfin lantarki a hankali domin ka gano iyakar da ruwa ke fara rabuwa zuwa iska. Ga fulatinam iyakar tana tsakanin -0.6 da +0.8 na bolt, kabon kuma yakan ba da fili mafi faɗi, amma ka auna naka da kanka maimakon ka ari adadin wani. Idan za ka zaburar da jijiya, sai ka tura gajerun bugu masu fuska biyu, irin waɗanda cajin da ya shiga yake daidai da wanda ya fita, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ƙarfin ya kusa taɓa wannan iyaka. Ka lura cewa kabon ma yana cinyewa idan aka daɗe ana tura shi sama da bolt 1, abin da masu auna dofamin suka sani sarai domin bakin zarensu yana raguwa da yawan aiki.

Gwaji na uku shi ne wanda aka fi gudu saboda cin lokaci, kuma shi ne ya fi faɗin gaskiya. Ana tsufar da na'urar da gangan ta hanyar jiƙa ta a PBS mai zafi, bisa ƙa'idar cewa kowane ƙarin digiri 10 a kan 37 na jiki yana ninka saurin lalacewa sau 2. A digiri 67 saurin ya zama sau 8, don haka kwana 45 a kwalba suna tsayawa a madadin kusan shekara guda. Wasu suna ƙara haidirojin ferokzayid domin su kwaikwayi farmakin da ƙwayoyin kariya ke kai wa baƙon abu. Ka riƙa fito da ita kowane mako kana aunawa, a ƙarshe kuma ka duba ta da madubin ilektiron. Abin da galibi za ka tarar shi ne kabon yana nan lafiya lau, rufin ne ya ɗago ko ruwa ya ratsa ƙarƙashin ɗanko ya kai ga azurfa. Idan haka ta faru, gyaran yana wajen haɗawa ne, sauya irin kabon ba zai magance komai ba.

Shigar da shi cikin naman

Babu dasawa sai da izinin kwamitin kula da dabbobin bincike, da maganin sa barci, da na kashe zafi bayan tiyata. Na'urar kuma a tsarkake ta da iskar etilin okzayid, domin tururin tukunyar matsi yana iya lalata rufi da ɗanko.

Wahalar da ke nan ita ce abin da ya sa zaren ya dace da ƙwaƙwalwa shi ne yake hana shi shiga. Zare siriri idan ya dafa saman naman yakan lanƙwashe maimakon ya huda, kuma ƙarfin da yake iya jurewa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da tsawonsa ya ninka. Don haka sai an cire kakkaurar fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, sannan a rage tsawon da ke lilo. Dabarar da aka fi yi ita ce a lulluɓe zarurrukan da PEG, wani abu mai kama da kakin zuma da ke narkewa a ruwa, a bar kusan rabin milimita kawai a waje. Idan wannan ɓangare ya shige, sai a ɗiga ruwan gishiri da sirinji a narkar da wani rabin milimitar, a ƙara turawa, a haka har a kai zurfin da ake so. Ka sa ido ta madubi daga gefe, domin zaren da ya kwanta a saman naman daga sama kamar ya shiga yake. Ka kauce wa jijiyoyin jinin da ake gani, kuma kada ka bar wurin ya bushe. Zaren bututun kabon ya fi wannan wuya, tun da ba ya iya tsayuwa da kansa ko kaɗan, sai an manna shi a jikin siririyar wayar tangistin a kai shi a janye wayar, ko a tura shi da kwararar ruwa ta ƙaramin bututu kamar yadda aka gwada a Rice.

Bayan an rufe ramin da abin da ba zai matse zaren ba kuma an kafe allon da simintin haƙori, sai a haɗa wayar ƙasa da dunƙulen ƙusa a ƙoƙon kai, a ɗauki motsin sau 30,000 a daƙiƙa, a tace shi tsakanin haz 300 da 6,000 domin harbin ƙwayoyi ya fito. Kada ka yanke hukunci da abin da ka gani a makon farko, lokacin kumburi ne, kuma muryoyi kan ɓace su dawo. Ka riƙa auna turjiya da girman harbi a rana ɗaya ta kowane mako, kana rubuta kowane zare daban. A ƙarshen binciken kuma a yanka naman a rina shi domin a ƙirga ƙwayoyin jijiyar da suka rage a nisan maikuromita 25 da 50 da 100 daga inda zaren ya zauna, a auna kaurin tabon. Ramin da zare mai maikuromita 8, idan an haɗa da rufinsa, ke bari yakan rufe har ya gagara ganowa, shi ya sa wasu masu binciken ke barin zaren a cikin naman su yanka su tare, ko kuma su shafa masa rini mai ƙyalli tun kafin dasawa.